Ka Bar Wuta, Bil Bai Bar Ka Ba

Duk wanda ya taɓa neman a ja masa wutar lantarki a Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, ya san ta inda ake shiga. Za ka je ofis ka cike takarda, ka sayo waya da kuɗinka, a zo da tsani a hau falwaya a jona maka, a ba ka lamba. Daga ranar sunanka ya hau littafi. Ta inda ake fita ne kusan ba wanda ya sani. Ka zagaya kasuwar Sheme ka tambaya yadda ake rufe lissafi da kamfanin wuta, a ba mutum takardar bil ta ƙarshe, a mayar masa da abin da ya rage nasa. Da wuya ka sami wanda zai ce ya taɓa ganin an yi haka. Ga shi kuwa masu barin wutar sai ƙaruwa suke yi.

Wasu da ƙafarsu suka bar ta. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin talaka, wutar NEPA kuma ba ta zama abin dogaro ba. Mai cajin waya, da mai kemis da ke son firjinsa ya yi sanyi, da tela, da mai sayar da ruwan leda, kowa ya lallaɓa ya sayi farantin sola da batir, ko kuɗi hannu ko biya sannu-sannu. Duhun da ya rufe yawancin Arewa a ƙarshen Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ake ratsawa ta Binuwai shi ma ya faɗi, ya ƙara wa masu shakka ƙarfin gwiwa. Wanda ya yi kwana da kwanaki bai ga ƙyallin ƙwai ba, da ya sami hali ba sai an yi masa wa'azin sola ba.

Wasu kuma korarsu aka yi daga gidajensu, suka bar wutar tare da rumbu da dabbobi da komai. Zan dawo kan waɗannan, don lamarinsu ya fi ci mini rai.

A ƙasar nan mai gida ba ya zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta. Ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, bayan an wargaza PHCN wadda ta gaji NEPA. Kamfanoni goma sha ɗaya aka yanka, kowanne da yankinsa. Jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Idan ba ka ji daɗin cinikin ba, babu shago na biyu da za ka koma. Saboda haka abin da mutumin Turai ke kira sauya kamfani, a wajenmu ficewa ce gaba ɗaya: ka koma sola, ko janareta, ko fitila mai caji. Kuma tun da an gina tsarin a kan cewa ba inda mai shan wuta zai je, ba wanda ya zauna ya share hanyar da zai bi in ya tashi tafiya.

Ga yadda abin ke faruwa. Alƙaluman hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, sun nuna cewa a shekarar 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da mita, kuma kamfanonin Arewa ne a sahun baya wajen raba ta. Wanda ba shi da mita bil na ƙiyasi ake kawo masa. Shi kuwa ƙiyasi ba ya leƙa cikin gidanka ya ga ko ka kunna fanka. Daga wutar da aka tura layin unguwarku ake lissafa shi, a ɗora wa kowane suna da ke cikin littafi kasonsa. Idan ka cire fis ɗinka ka koma sola ba ka sanar ba, kwamfutar ofis ba ta san ka tafi ba. Idan ka faɗa wa mai raba bil da baki a ƙofar gida, ya ce to, ya ji, sau da yawa maganar a nan ƙofar gidan take tsayawa. Har wanda aka zo da tsani aka yanke masa wuta saboda bashi yakan ci gaba da ganin takarda duk wata, domin mai yankewa daban, mai shigar da bayani daban, kuma ba lalle labarin ɗaya ya kai ga ɗaya ba.

Mu ƙaddara ana rubuta wa gida naira dubu biyar a wata. Mai gidan ya bar wuta, ya daina karɓar takarda, ya mance. Shekara uku ke nan an tara masa naira dubu ɗari da tamanin a kan wutar da bai sha ba. Ba zai sani ba sai ranar da bukata ta kai shi ofis: batirinsa ya mutu yana son a mayar masa da wuta, ko ya zo neman mita. A nan za a juyo masa da fuskar kwamfuta. Idan ya yi sa'a aka ba shi mitar, sai a ɗora tsohon bashin a kanta, duk katin da ya saya a zaftare wani abu. Idan gidan haya ne, sabon ɗan haya ya tarar da bashin wanda ya tashi, rigima ta ɓarke tsakaninsa da mai gida. Idan gidan za a sayar, mai saye ya rage kuɗi. Abu mafi muni, yawancin mutane ba sa jayayya. Sukan roƙi a yi musu ragi, a yafe rabi su biya rabi, su tafi suna godiya. An karɓi rabin kuɗin da tun farko ba a bin su ko kwabo.

Yanzu ga maganar waɗanda aka kora. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu abin da ya same su. Harin Kadisau na watan Yunin 2020, da kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da ɗari uku a watan Disamban shekarar, waɗannan ne duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa. Magidanta da yawa sun kulle gidajensu, ko ma ba su tsaya kullewa ba, suka nufi Funtuwa, ko Malumfashi, ko Zariya, ko Kano. Gaskiya ne ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa ba su taɓa ganin falwaya ba, su wannan magana ba ta shafe su ba. Amma garuruwan da ke bakin titi da waɗanda aka ja wa layi, akwai gidaje masu lamba a cikinsu da suka yi watanni ko shekaru babu kowa. Mutumin da ya fita da tsakar dare da yara a kafaɗa, yaushe zai tuna da rubuta wa kamfani wasiƙar dakatar da bil? A watan Satumban 2021 ma gwamnati ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa, aka yi watanni a haka. Ko wanda ya so ya kira ofis ba shi da hanya.

A shekarar 2025 an yi ta zaman sulhu a ƙananan hukumomin jihar da dama, har da Faskari. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan sulhu, ba shi ne zancena ba yau. Abin da na sani shi ne duk lokacin da aka ɗan sami lafawa, mutane kan fara leƙa gidajensu. Ba daidai ba ne mutum ya dawo ya tarar da rufin ɗaki ya rufta, gona ta zama jeji, sannan ranar da ya nemi a mayar masa da wuta a ce sai ya biya bashin shekarun da ya yi gudun hijira. Kamfani ya san layukan da suka mutu, ya san taransifomar da aka sace ko ta ƙone, ya san garuruwan da ma'aikatansa suka daina zuwa. Ba sai an kawo masa ƙara ba kafin ya goge abin da aka rubuta a waɗannan wurare.

Abin takaici shi ne doka tana bayan mai shan wuta, shi ne bai sani ba. Tun watan Fabrairun 2016 NERC ta soke kuɗin nan na dole da ake biya duk wata ko an sha wuta ko ba a sha ba. Daga ranar, abin da aka ba ka kaɗai za ka biya. Gidan da aka cire wayarsa ba a ba shi komai ba, don haka babu hujjar rubuta masa komai. Hukumar ta kuma bayyana cewa wanda aka caje shi fiye da kima yana da haƙƙin a mayar masa, kuma marar mita da ya musanta bil yana iya tsayawa a kan adadin bil na ƙarshe da bai musanta ba har a gama bincike. Ta ce sayen taransifoma da falwaya aikin kamfani ne, ba na jama'ar unguwa ba, ko da yake kowa ya san yadda ake karo-karo a garuruwanmu duk lokacin da taransifoma ta ƙone. A Fabrairun 2020 ta sa iyaka ga abin da za a iya rubuta wa marar mita. Kamfanoni ba su tsaya a iyakar ba. A Fabrairun 2024 hukumar ta ce daga Janairu zuwa Satumban 2023 kamfanonin sun wuce iyakar da sama da naira biliyan 105, ta ci su tarar biliyan 10.5, ta umarce su su mayar wa mutane haƙƙinsu. A Afrilun 2025 ta sake cin tarar kamfanoni takwas naira miliyan 628 a kan laifi iri ɗaya, kuma KEDCO na cikinsu.

To, da me ake mayarwa? Nan ne gizo ke saƙar. Ba a ƙirga wa kowa kuɗi a hannu. Ragi ake yi a cikin bil na gaba, ko a zuba wa mai mita ƙarin yunit. Haka nan tsarin sayen mita da aka fara a 2019, wanda mutum ke biya da kuɗinsa: ƙa'idar da aka fitar a 2021 ta ce kamfani zai mayar masa da kuɗin mitar, amma da wuta za a biya shi, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da ya sayi kati. Ga wanda ke nan daram yana shan wuta, wannan ya yi. Ga wanda ya tafi fa? Ragi a bil na gaba ba shi da amfani ga wanda ba shi da bil na gaba. Yunit ɗin da sai ka sayi kati ake ba ka, ba zai taɓa isa ga wanda ya daina sayen kati ba. Kamar mai shago ne da ya riƙe maka canji, ya ce ba zai ba ka ba sai dai ka riƙa zuwa kana ɗaukar kaya, alhali ka gaya masa ka bar garin. Bashin da kamfani ke bin ka yana nan a naira, yana bin ka duk inda ka je. Wanda kake bin sa kuwa an mayar da shi wani abu da ba ya kashuwa sai a shagonsa. Wannan rashin daidaito shi ne asalin cutar, kuma a rubuce yake cikin tsarin, ba sharrin wani ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Akwai kuma sauran yunit da ke cikin mita ranar da mutum ya tashi daga gida. Kuɗinsa ne ya riga ya biya. Ɗan haya yakan bar wa na bayansa, ko su sasanta tsakaninsu, amma gidan da ya zama kufai, yunit ɗin ya tafi ke nan.

A Ingila ma mutane sun daɗe suna kuka da wannan, duk da cewa can sauya kamfani abu ne na yau da kullum. Tsofaffin kamfanoni kan ja ƙafa wajen fitar da bil na ƙarshe, su riƙe rarar kuɗin mutane wata da watanni. Hukumarsu, Ofgem, ta ɗaure abin da wa'adi a shekarun 2019 da 2020: bil na ƙarshe cikin mako shida, rarar kuɗi cikin kwanakin aiki goma bayan bil ɗin, kuma kamfanin da ya saɓa ya biya diyyar fam 30 ba tare da an roƙa ba. A farkon 2025 aka ɗaga diyyar zuwa fam 40. Sun kuma hana kamfani ya taso mutum da bashin wutar da ta wuce wata goma sha biyu idan sakacin rashin kawo bil daidai daga kamfanin ne. Ban kawo wannan don a ce can aljanna ce ba; har yau suna kai ƙara. Darasin shi ne sun gane cewa mai tafiya shi ne mafi rauni a cikin abokan ciniki, domin kamfani ba ya sa ran samun komai daga gare shi kuma, sai suka sa jinkiri ya zama asara ga kamfanin. A wajenmu jinkiri riba ne gare shi.

Dole a faɗi ta ɗaya ɓangaren. Kamfanin wuta a Arewa yana fama da gaske. Wuta mai yawa da yake saya ba ya ganin kuɗinta. Akwai masu zagaye mita. Akwai wanda za a yanke wa wuta da rana, da magariba ya kira mai gyara ya mayar. Akwai ofisoshin gwamnati da bashinsu ya fi na unguwa guda. Akwai kuma wanda ya sa sola amma bai cire waya ba, in an kawo wuta ya kunna guga da hita, in an kawo bil ya ce ai shi ya daina sha. Ma'aikacin da ya saba ganin irin wannan ba zai yi saurin gaskata duk wanda ya ce ya fita ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma maganin zargi ai tabbatarwa ce. A zo a cire wayar tun daga falwaya, a ɗauki hoto, a rubuta rana, kowa ya sa hannu. Aikin rabin sa'a ne. Wanda aka kama ya mayar bayan haka, a hukunta shi hukuncin satar wuta. Barin suna a littafi ana tara masa bashi ba ya kama ɓarawo, mai gaskiya kawai yake cutarwa. Shi kansa kamfanin ba abin da yake ƙaruwa da shi face tulin bashi a takarda da ba zai taɓa karɓa ba, da ƙiyayyar mutanen da gobe zai so su dawo.

Mu kuma da namu sakacin. Muna raina takarda. Mutum zai biya kuɗi a hannun ma'aikaci a bakin titi bai karɓi rasit ba, zai bar wuta bai rubuta ko layi ɗaya ba. Alhali mu al'umma ce da ta san nauyin bashi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Idan aka yi rasuwa, akan yi shela ko akwai mai bin mamaci bashi, kuma ba a raba gado sai an sauke shi. Ka duba halin magadan da suka zo rabon gida suka tarar da bil na dubu ɗaruruwa da sunan mahaifinsu. Ba su san ko na gaske ne ba, shi kuma ba ya nan balle a tambaye shi. Masu tsoron Allah a cikinsu za su biya don kada su bar shi da nauyi. Bashin ƙarya da aka rataya wa mamaci, aka karɓa daga kason marayu, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata malamanmu su ɗauke shi da muhimmancin da suke ba sauran haƙƙoƙin mutane.

Don haka duk wanda zai bar wuta, ya rubuta takarda biyu da lambar asusunsa da kwanan wata, ya kai ofis, a buga hatimi a kan ɗaya ya riƙe. Ya nemi a zo a cire waya a gabansa. Ya ajiye bil na ƙarshe da rasit. Idan takarda ta ci gaba da zuwa, ƙa'ida ta ba sashen koke na kamfani kwanakin aiki goma sha biyar ya warware, in bai yi ba a wuce zauren sauraron koke na NERC, daga nan sai hukumar kanta. Sai dai zauren da ke kula da mu yana birnin Katsina. Tafiyar sa'o'i ce daga Sabuwa, a kan hanyar da ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba, kuma kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu ko uku na iya cinye abin da mutum ke nema. Shi ya sa haƙƙin ke nan a rubuce amma ba mai ɗauka.

Wannan shawara ta shafi masu sayen sola na biya sannu-sannu su ma. Wanda ya ba da kafin alƙalami, ya biya wata takwas, sannan ya kasa, aka kulle masa na'ura ko aka ɗauke, me ya rage nasa? A tambaya kafin a sa hannu, a ga amsar a rubuce. Kada mu fita daga wani littafin da ba shi da ƙofar fita mu faɗa wani irinsa.

Abin da nake nema daga hukuma bai da yawa. A sa wa'adi: daga ranar da mutum ya kai takardar barin wuta, cikin wata guda a cire waya a ba shi bil na ƙarshe, kuma duk abin da aka rubuta bayan ranar takardarsa ba shi da inganci. Wanda lissafi ya nuna yana bin kamfani, ko rarar caji ce, ko sauran kuɗin mita, ko yunit da bai sha ba, a tura masa naira a asusunsa na banki. Kamfanin da ya wuce wa'adi ya ƙara da diyya. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar kafa hukumominsu, kuma jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ragamar tun 2024. Ko Abuja ce ke riƙe da linzamin ko Katsina, wannan ƙa'ida ba ta bukatar sabuwar tashar wuta ko bashin Bankin Duniya. Shafi biyu ne na rubutu da niyyar aiwatarwa. Gwamnati ma ba baƙuwa ba ce a cikin waɗannan kamfanoni, domin kashi 40 cikin ɗari na hannun jari aka bar mata lokacin da aka sayar.

Na gaggawa kuwa shi ne na 'yan gudun hijira. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da shugabannin ƙananan hukumomin uku, su nemi KEDCO ta fito da jerin layuka da taransifomomin da suka daina aiki tun daga 2019, da ranar da kowanne ya mutu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen gidajen da aka ƙaurace wa, don su suka san wanda ya tafi da lokacin da ya tafi. A haɗa jerin biyu, a goge duk bil da ya faɗa cikin waɗannan watanni, a liƙa sunayen a sakatariya da ƙofar fada kowa ya gani. Zauren koke na NERC kuma ya riƙa zuwa Funtuwa yana zama, ko da sau ɗaya ne a wata uku, a yi shela a rediyo da masallatan Juma'a mako biyu kafin ranar, domin mai ƙorafi daga Daudawa ko Yankara ya zo da takardunsa da safe ya koma gida kafin la'asar.